Saƙon da Ya Tashi Iya Yahanasu daga Ƙofar Makaranta

Wata rana da hantsi, ina kan keken ɗinkina ina fama da wuyan wata riga da ya ƙi zama, sai aka kaɗa ƙararrawar tashin tara a makarantar da ke kallon shagona.

Na ɗaga kai kamar kullum.

Yara sun fito sun cika ƙofa, amma ko ɗaya bai tsaya a gaban Iya Yahanasu ba.

Ku da ba ku san ta ba, ita ce mai zoɓo da kunun aya a ƙofar makarantar. Tun kafin in kama shagon nan take wurin, ita da kulolinta da lemarta mai faci. Cikin iyayen da ke kawo yara yanzu, akwai waɗanda zoɓonta suka sha suka girma.

Da wannan sana'ar take ci, da ita take riƙe jikokinta.

Amma ranar nan yara kewaye ta suke yi kamar an watsa ƙaya a gabanta.

Wata ƙaramar yarinya ta matso da kuɗinta a hannu, yayarta ta fizge ta har ta kusa faɗuwa.

Iya ta buɗe kula ta leƙa. Ta rufe. Ta sake buɗewa, ta ɗebo a kofi ta ɗanɗana, ta girgiza kai.

Ni kuma kun san halina. Ko gaisuwa aka tsawaita min, sai na fara tunanin me za a roƙa.

Na ce a raina, lallai akwai lauje cikin naɗi.

Ba a yi azahar ba wata kwastomata ta zo karɓar ɗinkinta. Tun kafin ta zauna ta rage murya.

"Maman Walida, ke ma kin ga abin da maƙwabciyarki take aikatawa?"

Ta miƙo min waya. Ga abin da na karanta:

"GAGGAWA!!! IYAYE A KULA!!! An kama wata mai sayar da zoɓo a ƙofar makaranta tana zuba ƙwayar maye a cikin kula, don yara su riƙa dawowa kullum. Wani babban likita ya tabbatar. Yara da dama suna kwance. Kada ka bari saƙon nan ya kwana a wayarka, tura wa duk wanda kake ƙauna."

A ƙasa kuma an ƙara layi guda.

"A makarantar unguwarmu ne. Iya Yahanasu ce."

Bayan wannan ga saƙon murya. Wani mutum ne yana haki kamar wanda aka biyo, yana rantsuwa cewa yaron maƙwabcin abokinsa har yanzu bai farfaɗo ba.

Na ce, "An kama ta? To waccan da ke zaune a ƙarƙashin lema, aljanarta ce?"

Ta ce ƙila beli aka ba ta.

Na ce, "Wane likita ne ya tabbatar? Ba shi da suna? Yaran da ke kwance, a wane asibiti suke, mu je dubiya?"

Ta karɓe wayarta tana ƙunƙuni. "Ke dai kin cika ƙaƙale. Ni dai na hana nawa sha, ke kya yi yadda kika ga dama da naki."

Ta fita.

Kada ku ɗauka wai nan take na wanke Iya. Ina! Saƙon bai kwanta min ba, amma ita ma sai na sa mata ido.

Na tuna akwai wata 'yar kwalba da take ɗiga wani abu daga ciki idan zoɓon ya yi ƙasa ta ƙara sabo. Na tuna yadda yara ke rububin nata su bar na sauran mutane. Shaiɗan ya zauna min a kafaɗa yana ta ƙulla min zance.

Da abin ya ishe ni, na yafa mayafi na tsallaka titi.

"Iya, sannu da rana. Zuba min."

Ta zuba, tana murna ta samu mai saye. Na kai hanci kafin in kai baki.

"Iya, wai wannan 'yar kwalbar, me ke ciki?"

Ta ɗauko ta miƙo min. "Filebon abarba ne mana. Yau kuma, Maman Walida? Ai ke ma kin taɓa aro da za ki yi suna."

Haka ne kuwa. Na taɓa.

Sai ta riƙo gefen mayafina.

"'Yar nan, gaya min gaskiya. Zoɓona ya canza ne? Kwana da kwanaki ina komawa gida da shi. Na canza mai sukari, na ƙara citta, na rage kanumfari. Ko bakina ne ya mutu ba na jin ɗanɗano?"

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Duk unguwa an san abin da ake faɗa a kanta, ban da ita. Wayarta 'yar ƙarama ce mai tocila, ba ta shiga kowane guruf. An yi mata shari'a an gama, ita tana can tana ƙara citta.

Na zauna a kan bencinta na karanta mata saƙon.



Can ta ce, "Ni? Ƙwaya? Jikokina fa abin da ya rage suke sha da tuwon dare."

Ta ɗauki babban kofi ta cika, ta miƙe tsaye a tsakiyar ƙofar makaranta ta shanye. Ta ƙara wani ta shanye.

Ba wanda ya kula. Wata mata da ke wucewa ma cewa ta yi, "Ai dama jikinta ya saba."

Nan zuciyata ta tashi. Na ce ko zan bar ɗinkin mutane a kan keke, sai na ga inda maganar nan ta fito.

Na kira kwastomar tawa. Wa ya turo miki?

Ƙanwar mijinta.

Na nemi ƙanwar mijin. Ta ce a guruf ɗin matan Islamiyyarsu ta gani.

Wadda ta sa a can ta ce mijinta ne ya turo mata daga majalisarsu ta bakin kemis.

Kowa na tambaya, amsa ɗaya ce: "Ni ma turo min aka yi." Kuma kowa sai ya ɓata rai, kamar na ce ya yi sata.

Amma na lura da wani abu. Duk sanda na matsa baya, saƙon sai ya rame.

Na farko, mai haki ya ɓace.

Na ƙara matsawa, sunan Iya ya ɓace, sunan unguwa ya ɓace.

Can baya ma ba rubutun hannu ba ne. Hoto ne, irin wanda ake ɗauka daga fuskar waya.

Igiyar ta kai ni har falon Hajiya Lantana, admin ɗin guruf ɗin iyayen 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare. Ni yarana na firamare ne, shi ya sa ba na ciki.

Hajiya Lantana mace ce mai son a ce ita ta fara ji. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta gyara ɗaurin ɗankwali ta yi murmushin wanda ya riƙe hujja.

"Ai wannan ba jita-jita ba ce, Maman Walida. Daga cikin makarantar ta fito. Malam Sabitu ne da kansa ya turo."

Ta nuna min.

Ga lambarsa, ga hotonsa. Ga saƙon zoɓo, shi kaɗai, babu sallama, babu bayani.



Malam Sabitu shi ne malamin ajin. Mutum ne mai natsuwa, kullum da alli a aljihun rigarsa, ba ka taɓa jin sa a gulma. Idan irinsa ya turo abu, wa zai tsaya musu?

Na ce, "Hajiya, an kira shi an tambaye shi inda ya samo?"

Ta dafe ƙirji.

"Haba, Maman Walida! Ranar da ya turo fa aka yi masa waya mahaifinsa ya rasu. Daga makaranta tasha ya wuce. Mutum yana zaman makoki a ƙauye, ki kira shi ki ce masa zoɓo? Ina kara? Ina kunya?"

Na duba ƙasan hoton. Ta'aziyya ce jere, Allah ya jiƙan Baba, Allah ya ba da haƙuri, har ba iyaka. A tsakaninsu kuma masu cewa Allah ya tona asirin azzalumai.

An samu bakin yi masa ta'aziyya, an samu yatsan tura saƙonsa gaba. Tambaya ɗaya ce kawai aka ji kunyar yi.

Na fito daga gidan da sabon zargi.

Me tsakanin Malam Sabitu da Iya? Ko matarsa ce ke son wurin? Ko shugaban makaranta ne yake son buɗe shago a ciki, aka sa Malam ya share hanya? Mutum mai shiru-shiru ai shi ne abin tsoro.

Ga kuma mai shagon lemon kwalba na kusa da ni. Tunda abin nan ya fara, yara a ƙofarsa suke yin layi. Har sabon firiza na ga an sauke masa. Duk sanda muka haɗa ido sai ya yi min wata gaisuwa mai maiƙo.

Shi ma na rubuta shi a zuciyata.

Shugaban makaranta kuwa, da iyaye suka yi masa ca, sai ya ce shi bai san komai ba, amma tunda malaminsa ne ya turo, ƙila ya ga wani abu. Ya aiko maigadi ya gaya wa Iya ta ɗan matsa daga ƙofa har a zauna.

Maigadin da kullum take zuba masa kyauta, shi ya cire mata lemar daga ƙofar.

Na ce ta dawo gindin darbejiyar da ke gefen shagona.

Nan take wuni. Ƙanƙara na narkewa, ita tana kallon ƙofar makaranta.

Wata mata da ta sa Iya ta yi mata kunun aya na biki ta aiko a fasa. Samari masu wucewa a kan babur suna ɗaga murya, "Iya, a zuba mana mai ƙarfi!" su kwashe da dariya.

Ƙungiyar iyaye da malamai ta sa taro. Magana biyu za a yanke: a kore ta daga ƙofar makaranta har abada, a kuma miƙa ta ga mai unguwa ya kai gaba.

Amma aka ce a jira Malam Sabitu ya dawo, tunda shi ne shaida.

Da ya dawo aka kira taron.

Ajin da aka zauna ya cika har taga. Alhaji Badamasi, shugaban ƙungiyar, yana gaba a kan kujerar malami. Mata a gefe guda, maza a gefe guda.

Iya tana can baya kusa da ƙofa. Bencin da ta zauna, ni kaɗai na zauna tare da ita.

Malam Sabitu ya shigo ya rame, idonsa ya faɗa. Daga ganinsa bai san dalilin taron ba.

Aka yi wa mahaifinsa addu'a, aka shafa.

Hajiya Lantana ba ta jira an ba ta dama ba, ta miƙe.

"Malam, Allah ya saka maka da alheri. Kana cikin tashin hankalinka, amma ba ka fasa tona asirin nan ba."

"Wane asiri, Hajiya?"

Ta miƙa masa waya. Ya duba, ya ɗago.

"Hajiya, wannan ai aikin gida ne."

"Aikin me?"

"Aikin gidan yara. Ƙarya ce. Don su gano ƙarya ce aka rubuta ta."

"To a ina ka ce mana ƙarya ce?"

"A hoto na biyu."

"Wane hoto na biyu?"



Malam ya zaro wayarsa. Ya buɗe guruf ɗin, ya yi ta ja sama, yana wuce ta'aziyya bayan ta'aziyya.

Sai ya tsaya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya juya wayar ya nuna wa Alhaji Badamasi. Na kusa da su suka leƙa, ni ma sai da na taso na gani da idona, don ba na yarda da "an ce".

Hoto na biyu yana nan a wayarsa, da ɗan bayani a ƙasansa: iyaye a taimaka a nuna wa yara, labarin ƙarya ne daga littafinsu, su amsa tambayoyin kafin Litinin.

A jikin hoton ga alamar nan da ke nuna saƙo bai tafi ba.

Ya danna na farko ya tafi. Ya danna na biyu, sabis ya ɗauke, kiran rasuwa ya shigo. Ya sa waya a aljihu ya nufi tasha. A ƙauyensu kuma sai an hau tudu ake samun sabis, wa ke ta hawan tudu ana karɓar gaisuwa?

Ya fita da sauri, ya dawo da littafi a hannu.

Sabon littafi ne da aka kawo musu a zangon, na koya wa yara tantance labari: yadda za su gane na gaskiya da na ƙanzon kurege, musamman na waya. Kwafin da aka ba su bai isa ko layin gaba na ajin ba, shi ya sa ake kulle su a ofis. Idan zai ba da aikin gida, sai ya ɗauki hoton shafin ya tura wa iyaye.

Yaran ma ba su kai darasin ba tukuna, balle wani ya ce ya taɓa gani.

Ya buɗe littafin ya ɗaga sama.

A shafin hagu ga saƙon zoɓo, an zana shi tamkar a fuskar waya, harafi bai canza ba. Malam don yara su ga rubutun da kyau, ya matso da kyamara har kan shafin da gefensa suka fita daga hoton.

A shafin dama ga tambayoyi. Ya karanta su da ƙarfi.

Wa ya rubuta wannan saƙo?

Yaushe abin ya faru, kuma a wace makaranta?

Mene ne sunan likitan?

Me ya sa ake matsa maka ka tura da gaggawa?

Idan ƙarya ne kuma ka tura, wa zai cutu?

Da ya karanta ta ƙarshen, sai kawunan mutane suka fara juyowa baya, wurin Iya. Wasu suka kasa, suka tsura wa takalmansu ido.

Tambayoyin da aka shirya wa 'yan aji biyu ke nan. A ɗakin nan akwai ma'aikatan gwamnati, akwai 'yan kasuwa, akwai masu digiri.

Amma kun san mutanenmu, ba a rasa inda za a sauke laifi.

Alhaji Badamasi ya buga tebur. "To ni abin da ban gane ba, don me za a buga ƙarya a littafin yara? Makaranta muka kawo su ko wurin koyon sharri?"

Masu neman mafita suka ce, "Ƙwarai kuwa! A janye littafin!"

Malam ya ce, "Alhaji, ƙaryar nan tana jiran su a wayoyinmu ko mun buga ko ba mu buga ba. Gara su fara haɗuwa da ita a aji, inda akwai mai ce musu ku tsaya ku duba. Laifin nawa ne da na raba shafin biyu, kuma ban waiwaya na ga ko ya isa ba."

Ni a nan raina ya rabu.

Maganarsa gaskiya ce. Littafin nan, da mu aka fara koya wa, da ba a zo nan ba.

Amma su ma masu rubuta shi ban sake su ba. Kun san ƙasar da kuke, kun san littafi ba ya isar yara, kun san hoto ake ɗauka. Me zai hana ku buga wa misalin hatimi a tsakiyarsa, yadda ko an yanko shi zai tafi da shaidarsa? Kuma duk abin sha na duniya ba ku ga na misali ba sai zoɓo, sana'ar matan da ba su da mai tsaya musu?

Na faɗi haka a taron, da ƙarfi kuma. Alhaji ya ce in yi a hankali. Na ce a hankalin ne ya kawo mu nan.

Malam Sabitu bai tsaya jin sauran ba. Ya ratsa mutane har baya, ya durƙusa a gaban Iya.

"Iya, ki yafe ni. Wallahi ban sani ba."

Ta dube shi. "Tashi, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Kai ƙaddara ce ta faɗa maka."

Sai ta nuna littafin da haɓa.

"Amma duba min. A ciki an rubuta Yahanasu?"

"A'a, Iya. Babu sunan kowa."

"To wa ya sa?"



Hajiya Lantana ta ce ita dai hoto kawai ta tura. Na majalisar kemis suka ce su da sunan suka gan shi. Matan Islamiyya suka ce su ma haka. Kowa ya karkaɗe rigarsa.

Har yau ba a san wanda ya zauna ya rubuta sunan baiwar Allah nan da yatsansa ba. Mai hakin nan ma ba a san shi ba, shi da yaron maƙwabcin abokinsa.

Ina da wanda nake zargi. Amma bayan abin da na gani, ko da wuƙa a wuyana ba zan faɗi suna ba tare da hujja ba.

Taro ya watse a kan cewa Iya ta koma wurinta, kuma a tura gyara.

Malam ya rubuta gyaran da kansa, ya haɗa da hoton shafukan biyu a buɗe. Ya roƙi duk wanda ya tura na farko ya tura wannan.

Saƙon farko, har 'yar uwata da ke aure a Zariya sai da ta turo min shi tana cewa in kula da yara.

Gyaran kuwa, da ƙyar ya fita daga guruf ɗin. Wasu suka ɗaga masa babban yatsa suka wuce. Turawa na nufin ka ce wa mutanenka "na yi kuskure", kuma wannan ya fi ƙarfin da yawa daga cikinmu.

Iya ta koma ƙofar makaranta. Maigadi ya kafa mata lema yana sunkuyar da kai.

Malam Sabitu kullum sai ya saya ya sha a gaban ɗalibai. Ni ma haka, har cikina ya fara ƙorafi.

Yara suka fara dawowa, amma tsilli-tsilli. Kular da a da ba ta kai tashin makaranta, yanzu rabi take komawa gida.

Na tare wata uwa da na ga tana jan ɗanta ta wuce. Na ce, "Baiwar Allah, ba ki ga gyaran ba?"

Ta ce, "Na gani. An ce ƙarya ne. Amma dai ruwa ba ya tsami banza."

Na ce, "Wannan ruwan a littafi aka buga shi!"

Ta ce, "Duk da haka."

Da me za ka wanke "duk da haka"?

Kafin zangon ya ƙare, aka wayi gari babu Iya a ƙofa. Washegari ma babu. Na aika gida, aka ce lafiyarta ƙalau.

Da aka dawo hutu sai ga ta.

Lemar tana nan. Bencin yana nan. Kulolin ne babu.

A gabanta faranti ne, an jera dafaffen ƙwai da ayaba.

Na tsallaka da sauri. "Iya, ina zoɓon? Ina kunun aya? Wannan ribar nawa ce a ciki?"

Ta ce, "Babu riba sosai, 'yar nan."

"To don me? An fa wanke ki a gaban kowa!"

Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta juya shi a tafin hannunta.

"Na gaji da a riƙa kallon hannuna idan ina zubawa. Wannan Allah ne ya rufe shi, ba ni ba. Wanda ya saya ya ɓare da kansa."

Na koma shago na zauna a kan keke, na kasa taka shi.

Darasi:

Kada girman wanda ya turo maka saƙo ya hana ka tambaya. Mutumin kirki ma yana iya turo rabin magana.

Idan ka ji kunyar tambayar mai saƙo, to ka ji kunyar tura saƙon. Jira ba ya kashe kowa.

Sunan mutum kuma ba gishiri ba ne da za ka barbaɗa don labari ya yi daɗi.

Iyaye, littafin nan da ake koya wa yaranmu tantance labari, kada mu yaƙe shi. Mu nemi a wadata su da shi, mu kuma zauna kusa da su mu koya, don mu ne masu wayar.

Ku tura wannan ga guruf ɗin gidanku da na iyayen makarantarku, amma ku tura shi cikakke, kada a yanko rabi. Sunayen da ke ciki duk na canza su, don haka kada wani ya tashi neman wata Yahanasu a unguwarsu, kuma don girman Allah kada a ƙara ko harafi ɗaya a ƙasa.